Yadda Za Ka Bar Windows Ka Koma Linux Mint

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, kwamfutocin gwanjo da ɗaliban jami'ar ABU ta Samaru a Zariya ke saya kuwa, da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11. Mafita ita ce Linux Mint, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows.

Kafin komai, kwashe takardunka da hotuna zuwa wata ma'ajiya, don girka Linux Mint na iya goge abin da ke cikin kwamfutar. Wannan ba a yi masa ganganci, balle mai rubuta furojet.

Sai ka sauke Linux Mint daga shafinta. Ta kusa 3GB, gara ka bari sai dare lokacin datar rangwame. Ɗora ta a filashi mai 8GB da manhajar Rufus, amma fa za ta goge duk abin da ke cikinsa.

Cika batir tukuna saboda ɗaukewar wuta. Soka filashin, kunna kwamfutar kana danna F12 a yawancin kwamfutoci, in HP ce F9, sai ka zaɓi filashin don kwamfutar ta tashi daga shi. Gwada Wi-Fi da sauti kafin ka girka.

LibreOffice ta rubuta takardu da Firefox ta shiga intanet suna cikin Linux Mint. VLC ta kallon bidiyo da GIMP ta gyaran hoto ka ɗauko a Software Manager, wato rumbun manhajojinta. In za ka buga aiki a shagunan Kongo da ke Zariya, mayar da shi PDF don kada shafuka su hargitse.