Yadda na kashe gardamar "layina ne"

Duk daren Asabar muna buga Dungeons & Dragons a zaurenmu da ke Tudun Wadan Gombe. Wasa ne da kowa ke zama jarumi a cikin labari, ni kuma ke jan labarin. Da an fara faɗa da dodanni a cikin labarin sai musu ya kaure, kowa na cewa layinsa ne, har shayi ya huce.

Dokar ba wuya: kowa ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, a ƙara masa makin zafin naman jaruminsa, mai babbar lamba ya fara. Mantuwar wanda ke bin wani ce ke cinmu. Sai na yayyanka kwalin sabulu, na rubuta sunaye har da na dodanni, na rataya su jere a igiyar shanya. Wanda ya gama, in tura kwalinsa gefe.

Ƙanena ya ce, "Yaya, in lambarmu ta zo ɗaya fa?" Na ce ku daidaita kafin in ƙirga uku.