Yadda ake zaɓen gam don manna gashin tsuntsu a aikin hannu

Mai son ƙawata mafici, ko malafa, ko ƙwarya da gashin tsuntsu, ya kamata ya fara da wanki kafin ya nufi kasuwa neman gam. Yawancin tsuntsaye suna da wani maiƙo a gindin jela, wanda suke lakatowa da baki suna shafe jikinsu da shi, kuma gam ba ya kama abu mai maiƙo. A wanke gashin zabo ko na talotalo da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, a ɗauraye, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Na agwagwa yana son wanki biyu. Jimina ba ta da wannan maiƙo, amma tsuntsuwa ce da doka ta kare, kamar waɗanda ke gandun dajin Waza, saboda haka a tabbatar da inda gashinta ya fito kafin a saya.

Ko wane irin gam aka zaɓa, a gindin gashin kaɗai ake sa shi, wato ɗan bututun nan mai tauri. Da zarar ya taɓa ɓangaren mai laushi, sai silin gashin su dunƙule, kuma ba su sake buɗewa.

A ganina, farin gam na kafintoci, wanda a shagunan Garwa da Marwa da Njamena ake tambayarsa da sunan kol na katako, shi ne ya fi dacewa da yawancin aiki a kan kaba, itace, kwali da yadi. Idan ya bushe yana zama garai, ba ya ƙona hannu, ba shi da wari mai hawa kai, kuma yana ba mai aiki damar gyara zaman gashin kafin ya kama. Aibinsa shi ne jinkiri. Yana fara riƙewa cikin kamar minti 30, amma ba ya gama ƙarfi sai ya kwana ya wuni, don haka a danne gindin gashin da abin matse shanya, a bar shi. A lokacin hunturu yana saurin bushewa, sai dai a rufe aikin saboda ƙura. A watan Agusta kuwa, sai a ƙara masa kwana guda. Idan a bayan ƙwarya za a manna, a ɗan goge wurin da samfefa domin santsinsa ya tafi, ko kuma, abin da ya fi, a huda da basilla a cusa gindin gashin da ɗigon gam.

A kan fata, irin wadda dukawan Marwa suke aiki da ita, gam na masu gyaran takalma ya fi, domin yana lanƙwasuwa tare da fatar ba tare da ya tsage ba. Ana shafa shi siriri a fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa gashin tsakanin fata biyu a matse. Abin da ya kama ya kama ke nan, babu gyara. A yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta, kuma a ɓoye gwangwanin daga yara, domin tururinsa yana da illa irin ta sholisho.

Ƙaro, wanda Cadi take cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi, yana da kyau ga aikin yara a makaranta a kan takarda, amma ruwa ne ya narkar da shi tun farko, kuma laimar damina za ta sake sassauta shi. Kunun sitaci kuwa gayyatar kyankyaso ne. Gam na bindiga, wanda ake narkarwa da lantarki, yana kamawa nan take, yana da amfani ga adon biki na kwana ɗaya, sai dai zafi yana tausasa shi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kayan da aka bari cikin rufaffiyar mota suna iya zubar da gashinsu.

Supa gulu shi ne ba na so a kusantar da shi ga wannan aiki ko kaɗan. Tsinkakke ne, yana bin sili ya haye sama, ya sandarar da gashin, ya bar farin tabo kewaye da wurin, kuma idan ya haɗu da auduga yana yin zafin da zai iya ƙona yatsa.

Abin da zai sha motsi, kamar mafici ko adon kwalkwalin mahaya ranar hawan salla, gam kaɗai ba ya riƙe shi. A haɗa gashin uku uku ko biyar biyar, a naɗe gindinsu da zare mai ƙarfi, a shafa farin gam a kan zaren, idan ya bushe a ɗinke dunƙulen a jikin fata ko kaba, sannan a rufe ɗinkin da tsirin jar fata.