Masu kula da Moodle: ku daina shigar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya

'Yan uwa masu kula da Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, a manyan makarantun Jos, idan sabbin ɗalibai sun zo, ku zuba su duka da fayil ɗin CSV guda, wato fayil na jerin bayanai layi-layi da ake iya haɗawa a Excel.

A layin farko ku rubuta: username, firstname, lastname, email, idnumber, course1.
A ƙarƙashin course1, gajeren sunan kwas ake sawa, ba cikakken sunansa ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sa lambar rajista a matsayin username, wato sunan shiga. Tamu tana zuwa da manyan baƙaƙe da alamar "/", shi kuwa username ba ya karɓarsu. Moodle zai mayar da baƙaƙen ƙanana, ya cire alamar, ɗalibi ya yi ta buga lambarsa yadda take a katinsa ya kasa shiga. Ku gyara ta da kanku tun a Excel, ku ajiye ta asali a idnumber, sannan ku sanar da ɗalibai.

Wajen adanawa ku zaɓi CSV UTF-8. In ba haka ba, sunaye masu ƙ da ɗ, irin su Ɗanjuma, za su fito a dagule.

Dabarar tana cijewa idan ɗalibai sun yi rajista a shagon intanet ɗaya, mai shagon ya sa musu imel ɗinsa su duka. Moodle zai karɓi na farko ya ƙi sauran. Ku tace maimaitattun imel kafin ɗorawa.

Idan sabarku, wato kwamfutar da ke ɗauke da Moodle ɗinku, ba ta da ƙarfi, ku raba fayil ɗin sashe-sashe, kuma ku fara gwadawa da layi 10.