Ka sayi gem yanzu ko ka jira a rage kuɗi?

Abokina, in gem ɗin na labari ne da kai kaɗai za ka buga, wallahi ka haƙura, ba inda zai je. Saka shi a wishlist (jerin abin da kake son saya) na Steam, wato shagon sayar da gem na kwamfuta a intanet, ranar da suka karya farashi za su turo maka imel, yawanci ƙarshen Yuni ko Disamba, ga kuma rangwamen Black Friday a Nuwamba. Dala 70 ta sayen sabon gem fa ba wasa ba ce yadda naira take yanzu.

Amma irin gem ɗin ƙwallon ƙafa na EA Sports FC da sabonsa ke fitowa duk Satumba, in 'yan majalisarku duk sun koma sabon kana zaune da tsohon, to nan kam saya kawai ko ka daure zuwa Nuwamba. Gem ɗin kamfanin Nintendo kuwa kar ka ɓata lokacinka, da kyar suke sauka.