"Turai ta hana ayaba lanƙwasa": kurakuran da ake yi wajen karanta labaran dokokin ƙasa da ƙasa

A watan Satumban 1994 jaridun Birtaniya irin su Sun da Daily Mail da Daily Express suka tashi da labarin cewa Brussels, wato hedikwatar Tarayyar Turai, ta hana sayar da lanƙwasasshiyar ayaba. Shekara 22 bayan nan, lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, ana nan ana maimaita shi a wuraren kamfe. Ofishin Hukumar Tarayyar Turai da ke Landan ya yi shekaru yana tattara irin waɗannan labarai yana ba da amsa, har suka haura 400. Da yawansu suna iso mana ta hannun mai fassara a gidan rediyo ko mai shafin Facebook, kuma kafin su iso an ƙara musu gishiri sau biyu.

Kuskuren farko shi ne a yanke hukunci ba a ga takarda ba. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, wani ya ce ai jarida ta buga. Dokar ayaba an yi ta da gaske, lambarta 2257/94, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995. Ta ce ayabar da za a shigo da ita kasuwa kada tsawonta ya gaza santimita 14, kaurinta kada ya gaza milimita 27, kuma kada ta kasance da lanƙwasar da ta wuce misali. Sai ta raba ta aji uku. Ajin ƙoli ba a yarda da aibin siffa a cikinsa ba, aji na ɗaya an yarda da ɗan kaɗan, aji na biyu kuwa an yarda da aibin siffa kai tsaye. Kuma maganar ɗanyar ayaba ake yi, koriya, a matakin shigo da kaya da sari, ba wadda ta nuna take kan teburin mai shago ba. Waɗannan bayanai biyu su ne jaridun suka bari a ƙasa, domin da su labarin ba ya tashi.

Daga nan ake faɗa wa kuskure na biyu, wanda ya fi kowanne yawa: ɗaukar ma'aunin ciniki a matsayin hani. Dokar kokwamba ta 1988, mai lamba 1677/88, ta ce kokwamba ajin ƙoli da aji na ɗaya kada lanƙwasarta ta wuce milimita 10 a kowane santimita 10 na tsawonta, aji na biyu milimita 20, wadda ta fi haka karkacewa kuma a zuba ta a kwalinta daban. Abin dariya ne idan aka karanta shi haka kawai. Amma ɗan kasuwar Jamus da ya sayi tirela guda daga Sifaniya ta waya, bai ga kayan da idonsa ba, yana son ya san guda nawa ke cikin kowane kwali da irin abin da zai tarar idan ya buɗe. Miƙaƙƙiyar kokwamba tana shiga kwali da lissafi, karkatacciya ba ta shiga. Dillalin fata da ke ware lamba ɗaya da lamba biyu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ma'aunin ma ba Brussels ta ƙirƙiro shi ba, ta ɗauko ne daga hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva. An dai yi ta sukar waɗannan ƙa'idoji da cewa suna jawo asarar amfanin gona, kuma sukar tana da tushe: ranar 1 ga Yulin 2009 aka soke ma'aunin kaya 26, har da kokwamba da karas, aka bar na guda 10 irin su tumatir da tuffa da lemo. Duk wanda ya rubuta yau cewa Turai tana auna lanƙwasar kokwamba, labarin da ya mutu tun 2009 yake tallatawa.

Sai a tambaya, wa ya yi dokar? A watan Yulin 2019 Boris Johnson, wanda ya taɓa zama wakilin Daily Telegraph a Brussels daga 1989 zuwa 1994, ya ɗaga bandar kifi a gaban taron jam'iyyarsa. Ya ce mai yin ta a tsibirin Man yana kuka domin Tarayyar Turai ta tilasta masa sanya ƙunshin ƙanƙara a duk kifin da zai aika ta gidan waya. Washegari aka gano ƙa'idar ta hukumomin abinci na Birtaniya ce da kansu, tsibirin Man kuma ba ya ma cikin Tarayyar. Haka ake cakuɗa kotuna. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam da ke Strasbourg ta Majalisar Turai ce, wata ƙungiya daban da Tarayyar Turai, mai ƙasashe 46, wadda Birtaniya da Turkiyya ke cikinta har yau. Kotun Tarayyar Turai kuwa a Luxembourg take. Idan labari ya ce "kotun Turai" bai faɗi gari ba, a nemi garin kafin a fassara.

Akwai inda dokar ta Brussels ce amma tsananin na gida ne. Labarin burodin kirfa na Denmark ya nuna haka sarai. Kirfar da aka fi sayarwa tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawansa ke taɓa hanta. Doka mai lamba 1334/2008 ta ƙayyade miligiram 15 a kowane kilo ga kayan gashi na yau da kullum, miligiram 50 ga na gargajiya ko na lokacin bukukuwa. Suwidin ta sa nata burodin kirfar a layin na gargajiya, ba wanda ya ji ɗuriyar rigima. Hukumar abinci ta Denmark ta sa nata a layin na kullum, sai a ƙarshen 2013 masu gidajen burodi suka yi ca, jaridun duniya suka ce Turai za ta kashe burodin da Denmark ta gada kaka da kakanni. A 2014 hukumar Denmark ɗin ta sauya masa layi, magana ta mutu, ba a taɓa ko harafi ɗaya a dokar Turai ba.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar daftari a matsayin doka. A Tarayyar Turai Hukuma ce ke gabatar da daftari, sannan Majalisar Dokoki da majalisar ministocin ƙasashe su yi ta gyara, sai duka biyun sun amince ya zama doka. Wannan kan ɗauki shekara biyu ko fiye, kuma a tsakani kowane ɗan majalisa yana iya jefa shawarar gyara wadda ba za ta kai ko'ina ba. A 2005 akwai daftarin kare ma'aikata daga haske mai cutarwa, wanda da farko ya haɗa da hasken rana. Abin da ya nema shi ne mai aiki ya auna haɗarin da ma'aikatansa ke ciki. Jaridu suka mayar da shi cewa za a raba mata masu hidima a Bavariya ta Jamus da rigarsu ta gargajiya, wai don ba ta kare su daga rana. Majalisa ta cire batun rana, dokar da ta fito a 2006 ta tsaya kan hasken na'urori kawai. A 2010 ma an ce za a hana sayar da ƙwai da dozin, daga muhawarar rubutun jikin kayan abinci. Har Birtaniya ta fita daga Tarayyar ana sayar da ƙwai shida-shida da sha biyu-sha biyu.

Gargaɗi ma ba hani ba ne. An buga a 2011 cewa an hana yara hura balan-balan, alhali abin da ake nema shi ne a rubuta a jikin leda cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 8 yana iya shaƙewa, babba ya sa ido. Haka soyayyen dankalin Beljiyam a 2017. Doka mai lamba 2017/2158 ta sa mikirogiram 500 a kilo a matsayin mizanin sinadarin akirilamaid, wanda ke fitowa idan abu mai sitaci ya soyu ya yi duhu, ta kuma ce zafin mai kada ya wuce digiri 175. Wanda dankalinsa ya haura mizanin, abin da ke kansa shi ne ya duba yadda yake suya. Ba a rufe rumfar kowa ba, suya sau biyun da 'yan Beljiyam ke taƙama da ita tana nan.

A yi hattara da adadin da ya cika daidai. An daɗe ana yawo da cewa dokar Turai kan sayar da kabeji tana da kalmomi 26,911. Babu wannan doka. Tun shekarun 1950 ake ba da labarin a Amurka kan ƙa'idojin farashin gwamnatinsu, daga baya aka sauya masa riga aka kai shi Brussels. Rashin cikar adadin zuwa dubu 27 shi ke sa mutum ya ɗauka wani ya zauna ya ƙirga.

Wanda ya ji duk wannan yana iya zamewa ta ɗaya gefen, ya ƙaryata komai. Shi ma kuskure ne. An ƙayyade ƙarfin na'urar zuƙe ƙura zuwa wat 1,600 a Satumban 2014, aka rage zuwa 900 a Satumban 2017. An janye tsohon ƙwan lantarki mai zare daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012. Steve Thoburn, mai sayar da kayan gwari a Sunderland, kotu ta same shi da laifi a 2001 saboda sikelinsa laba da oza kawai yake aunawa, ba kilo ba, ya ɗaukaka ƙara ya faɗi a 2002. Wannan ya faru. Abin da aka ƙara masa shi ne cewa za a kawar da mil daga allunan hanya, da ma'aunin madara da giya mai cin mililita 568. Doka mai lamba 80/181 ta bar wa Birtaniya waɗannan, a 2009 kuma aka tabbatar cewa ana iya rubuta laba kusa da kilo ba tare da wa'adi ba. Birtaniya da kanta ta shelanta komawa tsarin mita tun 1965, shekara takwas kafin ta shiga ƙungiyar a 1973.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne gane wa doka ta hau kansa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, ta tsawaita a 2016, ta sake a 2019. Dalili shi ne ragowar maganin ƙwari na DDVP, wanda muka fi sani da fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, an kuwa samu buhunan da suka kai 4.6. Wannan doka ba ta da iko a Dawanau, ba ta hana kowa ƙosai ko alale ba. Ta tsaya ne a tashoshin jiragen ruwan Turai, kuma wanda ta taɓa aljihunsa shi ne mai fitar da kaya. Sai dai mai karatu ya lura: ganin cewa "an hana wake" ƙari ne bai sa matsalar fiya-fiya a rumbu ta zama ƙarya ba. Wani lokacin ma dokar da aka yi wa kuka a can ta buɗe mana ƙofa a nan. An yi shekaru ana cewa za a hana cakulan Birtaniya sunan cakulan saboda man da ake haɗa masa. Dokar 2000/36 ta yarda da kashi 5 cikin 100 na man da ba na koko ba, ta lissafa iri shida, man kaɗanya yana ciki.

Masu fassara suna da nasu kason. Kalmar Ingilishi da ke kanun waɗannan labarai, wato "ban", harafi uku ce kacal, shi ya sa editoci ke son ta, tana shiga ko'ina. Idan aka juya ta zuwa "haramta", an ɗora mata nauyin da ba ta da shi, domin kunnen Bahaushe ya san haram da wata ma'ana. A zaɓi abin da ya faru: an dakatar da shigo da shi, an ƙayyade yawansa, an wajabta rubuta gargaɗi, an raba shi aji-aji, ko ana shawarar yin haka. Hukumomin da ba su da ikon doka kuma kada a ba su shi. Lokacin da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta sa sarrafaffen nama a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara a Oktoban 2015, ƙarfin hujja ta auna, ba ta da hurumin hana kowa cin komai.

Binciken kansa ba ya cin minti ashirin. A nemi lambar dokar a cikin labarin. Idan babu lamba, babu sunan wanda ya yi magana, sai "majiyoyi a Brussels", a ajiye labarin tukuna. Idan akwai, a sa ta a EUR-Lex, shafin intanet na dokokin Tarayyar Turai, kyauta ne. Lambar kanta tana magana: kafin 2015, idan shekara ce a ƙarshe kamar 2257/94, doka ce mai aiki kai tsaye a duk ƙasashe. Idan shekara ce a farko kamar 80/181, galibi umarni ne da kowace ƙasa za ta zuba a tata dokar, don haka sai an duba abin da ƙasar ta ƙara da hannunta. Daga 2015 duka shekara ke zuwa farko, sai a duba kan takardar. Wadda ke ɗauke da COM daftari ce. A karanta sashe na 1 don sanin kayan da wanda ta shafa, a tsallaka zuwa rataye na ƙarshe inda adadi da keɓe-keɓe suke, sannan sashen ƙarshe don ranar fara aiki. A saman shafin akwai alamar ko tana aiki ko an soke ta. Wanda ya nemi 2257/94 zai tarar an maye gurbinta da 1333/2011, kuma santimita 14 ɗin da aji ukun duk sun bi ta zuwa can, kafin ita ma a maye gurbinta da 2023/2429 daga 2025.