Yaro mai farfaɗiya ya koma baya a karatu ko halinsa ya canza: yadda za a gano dalili

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai, aka kuma ba su maganin da ya dace. Sai dai a wajen yara, tsayawar faɗuwa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Mantuwa, rashin natsuwa, saurin fushi da karatun da ya ƙi zama a kai sukan rage, kuma a nan ne iyaye da malamai suke saurin cewa lalaci ne ko taurin kai. Kafin a kai ga faɗa ko horo, a bincika ciwon kansa, a bincika maganin, sannan barci da abin da yaron ke sha a hannun mutane.

A fara da littafi

A ware ƙaramin littafi, a riƙa rubutawa kullum har mako huɗu: lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, lokacin shan magani da adadinsa a miligiram, ko an manta wani, kowace faɗuwa da tsawonta a agogo, sai layi ɗaya a kan halinsa na ranar. Kada a rubuta "ya yi rashin ji". A rubuta abin da ido ya gani: "ƙarfe tara ya kifa kai a tebur ya yi barci", ko "ya jefi ƙanwarsa da kofi da aka hana shi waya". A shafin farko a sa ranar da aka fara kowane magani da ranar da aka ƙara shi. Sau da yawa amsar tana nan, a kwatanta wannan rana da ranar da halin ya fara canzawa.

Farfaɗiyar da ba a faɗuwa

Akwai nau'in da kan fara tsakanin shekara 4 zuwa 10, wanda ba jijjiga ba kumfa. Yaro na cikin kwafar rubutu daga allo sai biro ya tsaya, ido ya kafe, wani lokaci fatar ido ta riƙa rawa ko leɓe ya motsa kamar mai tauna. Bayan sakan goma ko kusa da haka ya dawo ya ci gaba, bai ma san ya tafi ba. Yana iya faruwa sau gommai a yini. A duba littafinsa na aji, za a ga jimla ta rasa kalmomi biyu ko uku a tsakiya, ko lissafi ya tsallake mataki.

Bambanta shi da mai zurfin tunani ba wuya. A kira sunansa, a taɓa kafaɗarsa. Mai tunani zai waiwayo. Wannan ba zai amsa ba sai abin ya sake shi. A ɗauki bidiyo da waya a kai wa likita, domin ya fi dogon bayani. Likita kan sa yaron ya yi ta numfashi da ƙarfi na minti uku yayin gwajin EEG, mai auna wutar ƙwaƙwalwa, don ya tayar da abin a gabansa. Wannan ba gwajin gida ba ne. Gano nau'in yana da muhimmanci, saboda maganin kabamazefin, wanda ke aiki sosai a wasu nau'o'in, yana iya ƙara tsananta wannan.

Inda ciwon ke tasowa ma yana nuna irin matsalar. Idan daga gefen ƙwaƙwalwa ne, saitin kunne, riƙe sabon abu ne kan yi wuya: ya iya jiya, yau babu. Idan daga gaba ne, bayan goshi, sai a ga gaggawa da kasa tsara aiki.

Maganin

Fenobabiton kan sa manya barci, amma a yara da yawa akasin haka yake yi: ƙiriniya, kasa zama wuri ɗaya, kuka a kan ƙaramin abu. Lebetirasetam ya yi suna wajen kawo fushi da faɗa, galibi a makonnin farko. Tofiramet kan rage saurin tunani, yaro ya san abu amma kalmar ta maƙale masa, ga rashin cin abinci. Balfuroyet kan kawo ƙiba da rawar hannu, kuma 'yan mata da suka tasa suna buƙatar shawara ta musamman a kansa saboda haɗarinsa ga juna biyu. Magani biyu ko uku a haɗe sun fi ɗaya dusashe tunani.

Duk da haka, ba a tsayar da magani ko rage shi a gida. Yanke shi farat ɗaya kan jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, wadda ke iya kisa. A kai littafin wa likita. Yana iya mayar da babban kaso zuwa dare idan barcin aji ne matsalar, ko ya rage saurin ƙarin, ko ya canza magani a hankali cikin makonni. A kuma auna nauyin yaro a kowace ziyara, tunda da nauyi ake lissafa maganin yara. Awon bara kan yi wa jikin bana kaɗan.

A gida da aji

Barci tukuna. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. Ƙarancinsa yana tayar da ciwon, yana kuma lalata natsuwa ko da ba a faɗi ba. Filo mai yawu da jini, cizon gefen harshe, ko sabon fitsarin kwance alamu ne na faɗuwar dare.

Wajen koyarwa, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ya maimaita da bakinsa. Idan an yi tambaya a ƙirga goma a zuci kafin a sake magana, don yawancinsu sun san amsar, hanyar fitowarta ce ke da tsawo. Karatun minti 15 sau uku ya fi zaman awa guda. A zaunar da shi gaba inda malami zai ga fuskarsa. Ranar da ya faɗi babu sabon darasi, babu jarrabawa, kuma a sake bitar abin da aka koya kafin faɗuwar, don shi ne ya fi ɓacewa.

Yaron da ya ture mutum ko ya kai duka cikin ruɗewar da ke biyo bayan faɗuwa bai san yana yi ba. Kada a danne shi, kada a hore shi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a yi magana a hankali. Amma a sauran lokuta dokar gida ɗaya ce da ta 'yan'uwansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar shi ya yi yadda ya ga dama don tsoron kada ɓacin rai ya kayar da shi, a kuma hana shi wasa da aike. A haka ake samun yaro mai rigima wanda ba shi da aboki. Iyo da hawa sama ne ke buƙatar babba a kusa, ba kowane motsi ba. A tambaye shi kuma, shi kaɗai, ko ana tsokanarsa ko ana gudunsa a makaranta, a kuma sanar da 'yan ajin cewa ciwon ba a ɗauka.

Idan an gyara duk wannan amma rashin natsuwa na nan, a nemi a duba shi don ADHD, wato ciwon kasa mayar da hankali ko yawan ƙiriniya, wanda kusan ɗaya cikin uku na yaran nan ke da shi, galibi nau'in shiru-shiru mai shagala. Yana da magani, kuma farfaɗiya ba ta hana a ba shi ƙarƙashin kulawar likita. A duba ido da kunne ma.

Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar asibiti: faɗuwar da ta wuce minti 5, ƙuraje da zazzaɓi ko gyambon baki bayan fara sabon magani, da yaron da ya fara zancen gara ya mutu. Haka kuma wanda ya rasa abin da ya riga ya iya, musamman ɗan shekara 3 zuwa 7 da ya daina gane magana kamar kurma alhali kunnensa lafiya. Wannan a nemi a yi masa EEG yana barci, domin na farke kan iya fitowa lafiya lau.