Yadda ake bin matakan gano kansar furostet da maganinta

Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita. Girmanta kamar ƙwayar goro, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, gaban dubura, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Jama'a kan ce kansar mafitsara idan ana maganarta, amma kansar mafitsara wata cuta ce daban, maganinta ma daban. Kansar furostet ita ce aka fi samu a tsakanin maza a Najeriya, kuma ta fi kama baƙar fata. Tana cikin cututtukan daji da ake warkewa idan an gano su da wuri, sai dai mafi yawan masu zuwa asibitocinmu sukan zo bayan ta riga ta kai ƙashi. Akasarin asarar da ake yi a tsakanin matakai ake yin ta: an yi gwajin jini ba a koma karɓar sakamako ba, ko an fara allura an tsaya a ta uku.

Gwajin jini na PSA

Farkon wannan cuta ba ta da alama. Yawan tashi fitsari da dare, da fitsari mara ƙarfi, da jin kamar bai ƙare ba, yawanci kumburin furostet ne na tsufa, wanda ba kansa ba. Amma ba a bambanta su da ido, kuma shekara biyu ana shan maganin sanyi ko na basir ba ta warware komai. Namiji baƙar fata ya fara magana da likita a kan gwaji tun yana shekara 45. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, haɗarinsa ya ninka kamar sau biyu, gara ya fara tun daga 40.

PSA sinadari ne da furostet ke fitarwa, ana auna shi a jini. Abubuwa da yawa na ɗaga shi, don haka shirin gwajin na da muhimmanci. A guji saduwa da iyali da tuƙa keke mai nisa kwana biyu kafin a ɗebi jinin. Idan akwai ciwon sanyin fitsari, a yi maganinsa, a jira kamar mako shida. Sanya robar fitsari ma na ɗaga lambar. Wanda ke shan finasteride ko dutasteride don kumburi ya gaya wa likita, domin waɗannan magunguna suna rage lambar da kusan rabi, sai ta yi kyau a takarda alhali akwai matsala.

An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, amma likitoci na duba shekaru: sama da 2.5 ga ɗan arba'in da wani abu, sama da 3.5 ga ɗan hamsin, sama da 4.5 ga ɗan sittin. Lambar da ta ɗan haura ba hukunci ba ce. Kusan uku cikin huɗu na mazan da PSA ɗinsu ya ɗan hau ba a samun kansa a jikinsu. A maimaita gwajin bayan 'yan makonni, a ɗakin gwaji ɗaya idan zai yiwu.

Likita zai kuma sa yatsa ta dubura ya taɓa furostet ɗin, ya ji ko akwai tauri ko ƙullutu. Bai kai minti ɗaya ba. Maza da yawa a nan suke juyawa saboda kunya, kuma wannan kuskure ne, domin akwai kansar da PSA ba ya nunawa amma yatsa ke ji.

Hoto da ɗiban tsoka

Idan lambar ta ci gaba da zama sama ko yatsa ya ji wani abu, za a tura ka wurin likitan mafitsara. Inda akwai hali, a fara da hoton MRI. Ana ba shi maki daga 1 zuwa 5. 4 da 5 na nufin akwai wurin da ake zargi sosai, kuma hoton na nuna inda allura za ta nufa.

Ba PSA ba, ba hoto ba, ɗiban tsoka ne kaɗai ke tabbatar da cutar. Ana kashe wurin da allura, a sa siririyar allura ta dubura ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, a ɗebo 'yan zare-zaren tsoka kamar 10 zuwa 12. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a yi. A sha shi daidai lokacin da aka ce. Mai shan maganin tsinka jini, kamar warfarin ko clopidogrel, ya faɗa tun ranar da aka sa rana, kada kuma ya daina da kansa. Ganin jini a fitsari ko bahaya na 'yan kwanaki, ko a maniyyi na 'yan makonni, ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi da rawar ɗari a kwana biyu ko uku na farko kuwa, ko fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, a koma asibiti a daren. Kada a ce maleriya ce a sayi magani a kemis: zazzaɓin na iya nufin ƙwayoyin cuta na hanji ne suka shiga jini, kuma suna kisa da sauri.

Karanta sakamako

Nan ya kamata a zauna da likita ba cikin gaggawa ba, tare da wani na gida mai rubutu. Abu uku za a tambaya, a rubuta su.

Na farko PSA. Na biyu makin Gleason, wanda ke nuna irin zafin kansar yadda aka gan ta a madubin likita. Lamba biyu ake haɗawa. 3+3, wato 6, shi ne mafi sauƙi, kuma irin wannan yana tafiya a hankali ƙwarai. 3+4 da 4+3 duk 7 ne, amma ba ɗaya ba ne: 4+3 ya fi tsanani, domin lambar farko ita ce ta fi yawa a tsokar. Daga 8 zuwa 10 mai saurin yaɗuwa ce. Wasu takardun kan rubuta rukuni 1 zuwa 5 a maimakon haka. 6 shi ne rukuni na 1, 9 da 10 rukuni na 5.

Na uku inda ta kai. Tana cikin furostet, ta ɓullo waje, ta shiga kaluluwa, ko ta kai ƙashi? Idan PSA ya wuce 20, ko Gleason ya kai 8, ko akwai ciwon baya da ƙugu, ana yin hoton ƙashi da na CT. Daga waɗannan ukun ake zaɓen magani. A nemi kwafin kowace takarda a ajiye a jaka ɗaya, domin mai yiwuwa a yi tiyata a wani gari, gashi (wato kashe kansar da hasken na'ura) a wani.

Idan tana cikin furostet

Wanda Gleason ɗinsa 6, PSA ƙasa da 10, kansar kuma 'yar kaɗan, sau da yawa abin da ya fi shi ne a sa mata ido: PSA duk wata uku zuwa shida, hoto da sake ɗiban tsoka lokaci-lokaci, a shiga magani idan ta motsa. Wani babban bincike na Birtaniya mai suna ProtecT ya bi maza 1,643 tsawon shekara 15, aka fitar da sakamakon a 2023: waɗanda cutar ta kashe kimanin uku cikin ɗari ne kawai, ko an yi tiyata, ko gashi, ko sa ido, ko da yake ta fi yaɗuwa a rukunin sa ido. Wannan hanya ta mai iya zuwa asibiti a kan lokaci ce. Wanda ya san nisa ko kuɗin mota zai hana shi dawowa, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko.

Tiyata ita ce a cire furostet ɗin gaba ɗaya. Ana komawa gida da robar fitsari mako ɗaya zuwa biyu. Bayan an cire ta kusan kowa yakan yi yoyon fitsari, mafi yawa su samu sauƙi cikin watanni. Abin da ke taimakawa shi ne motsa tsokar riƙe fitsari: a matse kamar ana riƙe tusa, a ƙirga biyar zuwa goma, a saki, sau goma, sau uku a rana, kuma a fara tun kafin tiyatar. Game da alwala da salla, addini ya yi wa mai yoyon fitsari sauƙi, a tambayi malami kada a ƙaurace wa masallaci. Ƙarfin gaba yakan ragu ko ya tafi, domin jijiyoyinsa manne suke da furostet. Wani yakan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu, akwai kuma magunguna. Maniyyi ba zai sake fita ba, don haka mai son ƙarin haihuwa ya yi maganar kafin a shiga ɗakin tiyata. A sani kuma, aikin da ake yi wa masu kumburi don buɗe hanyar fitsari ba wannan ba ne. Can ciki kawai ake cirewa, gefen da kansa ta fi fitowa yana nan.

Gashi kuwa haske ne daga na'ura, ba ya zafi, kowace rana 'yan mintuna, Litinin zuwa Juma'a. Wani tsarin zama 20 ne cikin mako huɗu, wani 37 zuwa 39 cikin mako bakwai zuwa takwas. Za a ce a zo da mafitsara cike da ciki a wanke, kullum iri ɗaya, don furostet ya tsaya wuri guda, hasken kuma ya kauce wa hanji. Zafin fitsari, gudawa da gajiya sukan taso daga tsakiyar magani, su lafa bayan makonni. Ga wanda sakamakonsa ya nuna matsakaici ko babban haɗari ana haɗa gashin da allurar rage sinadarin maza, daga wata shida zuwa shekara biyu ko uku. Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitocin koyarwa na Zariya, Sakkwato, Legas da Ibadan, a Nijar kuma akwai cibiyar kansa ta Yamai. Kafin a ɗauki hanya a bincika ko na'urar na aiki, a tanadi masauki da kuɗin duka zaman, domin tsayawa a tsakiya na rage amfanin abin da aka riga aka yi.

Idan ta yaɗu

A nan ba a maganar warkewa, ana maganar danne ta, kuma ana iya danne ta shekaru. Kansar furostet da sinadarin maza, testosteron, take rayuwa, sai a yanke mata shi. Hanya biyu ce. Allura kamar goserelin, 3.6 miligiram duk kwana 28 ko 10.8 duk mako 12, a fatar ciki. Allurar farko takan ɗaga sinadarin na ɗan lokaci kafin ya faɗi, abin da kan ƙara ciwon ƙashi ko ya toshe fitsari, shi ya sa ake fara ƙwayar bicalutamide 'yan kwanaki kafinta a ci gaba na 'yan makonni. Hanya ta biyu ƙaramar tiyata ce a maraina, a cire ɓangaren da ke samar da sinadarin. Sau ɗaya ake yi, aikinta daidai da na allura, amma ba a mayar da ita. Maganar tana da nauyi a zuciyar namiji, babu musu. Duk da haka, ga wanda kuɗin allura zai gagare shi bayan wata huɗu, tiyatar ta fi allurar da ake yi ana fashi, domin kowane fashi dama ce ga cutar.

Illolin hanyoyin biyu iri ɗaya ne: zafi ya taso gumi ya karyo, sha'awa ta mutu, gajiya, ƙiba, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau. Tafiyar ƙafa kullum na rage da yawa daga cikinsu, a riƙa kuma auna sukari da hawan jini. Iyali su san cewa magani ne ya jawo, don kada zargi ya shiga gida.

Yanzu likitoci kan ƙara wani magani tun farko idan jiki da aljihu za su ɗauka: abiraterone tare da prednisolone, ko enzalutamide, ko kemo, wato maganin kashe kansa da ake sawa ta jijiya, na docetaxel sau shida, duk mako uku. Abiraterone da cikin wofi ake shan sa, kuma yana buƙatar gwajin hanta da auna hawan jini. A tambayi ofishin walwala na asibitin koyarwa game da asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, wanda ya haɗa da kansar furostet, da abin da inshorar lafiya ke biya. Ciwon ƙashi ba abin daurewa ba ne. Zama ɗaya na gashi yakan kwantar da shi, kuma mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, idan likita ya rubuta shi magani ne kamar kowane.

Bibiya

Bayan tiyata, PSA na mako shida zuwa takwas ya kamata ya sauka ƙasa da 0.1, idan daga baya ya kai 0.2 yana hawa, a koma da wuri, domin gashi na iya kamo ta. Bayan gashi lambar a hankali take sauka kuma ba ta kaiwa sifili. Abin dubawa shi ne ta haura mafi ƙanƙantar lambarta da 2. Duk maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari da ake sha a nuna wa likita, musamman masu ɗauke da sinadarin maza. 'Yan'uwa maza da 'ya'ya su ma a gaya musu, su fara nasu gwajin.

Akwai alamar da ba ta jiran ranar asibiti. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da nauyin ƙafafu, ko mutuwar jiki a cinyoyi da mazaunai, ko kasa riƙe fitsari da bahaya, yana nufin kansar na danne laka. A kwantar da mara lafiya, a kai shi asibitin da ke da MRI a ranar, a gaya wa likitan farko cewa yana da kansar furostet. Wanda aka fara wa magani yana iya taka ƙafarsa yakan ci gaba da tafiya. Wanda aka kawo bayan ƙafafun sun mutu kwanaki, da wuya su dawo.